Kafin ka ce wayarka ta tsufa, duba yadda kake gasa batirinta

A kowace fada, daga Yamai har Damagaram, kukan ɗaya ne: wayar da aka cika da safe, kafin la'asar ta fara roƙon caji. Mai kabu-kabu ya rasa kiran fasinja, uwa ta kasa samun saƙon ɗanta da ya turo kuɗi daga Aljeriya ko Libiya. Nan take sai a yanke hukunci cewa wayar ta tsufa, a shiga neman sabuwa. A ganina wannan asarar kuɗi ce. Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau, batirin ne muka gasa da hannunmu.

Batirin lithium da ke cikin wayoyin zamani ba ya shiri da zafi. Kamfanin Apple ya ce yanayin da ya fi dacewa da na'urorinsa shi ne digiri 16 zuwa 22, kuma zafin da ya haura 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. Mu kuwa a Afrilu da Mayu, Tawa da Maraɗi sukan wuce digiri 40 a inuwa. A haka ne muke barin waya a gaban mota cikin rana, ko mu sa ta caji ƙarƙashin matashin kai, ko mu riƙa kallon TikTok tana jone da wuta. Zafin gari, da na caji, da na bidiyo, duka a kan batir ɗaya.

Masana sukan ce a riƙe caji tsakanin kashi 20 da 80 cikin ɗari. Na san wani zai ce wannan shawarar masu wuta dare da rana ce, kuma yana da gaskiya: wanda bai san lokacin da za a maido da wuta ba dole ya cika wayarsa. To ka cika ta, amma a inuwa, ka cire mata riga, ka ƙyale ta har ta gama. Kada kuma ka saba barinta ta mutu ɗungurum. Cajar bakin titi da ba a san asalinta ba, ita ma ka guje ta. Araha ba ta ado.

Sai abubuwan da ke shan caji kullum. Hasken allo na kan gaba, ka rage shi. Inda rezo ba ya da ƙarfi, waya takan ƙara ƙoƙarin neman eriya, balle mai layi biyu. Idan kana hanyar ƙauye ko wurin da babu rezo, ka rufe layin. Kashe GPS in ba ka buƙatarsa, ka hana WhatsApp sauke bidiyon kowane rukuni da kansa. Shiga Paramètres, sashen batir zai nuna maka manhajar da ta fi ci. Manhajojin da ke alƙawarin sanyaya waya ko ninka caji kuwa, yawancinsu talla suke cusa maka, su ma cajin suke sha.

Ƴan'uwa mazauna waje, ku ma da naku. Wayar hannu ta biyu da kuke aikowa gida takan zo da batirin da ya riga ya gaji. Tsofaffin iPhone an ƙera su ne su riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, wato abin da bai kai shekara biyu ba ga mai caji kullum. Ku duba lafiyar batirin kafin ku saya. In ya yi ƙasa da 80, ku sauya shi can, kada ku aiko wa tsohuwa wahala da sunan kyauta.

Idan bayan wayar ya kumbura ko allon ya ɗago, ka daina caji nan take. Kada ka huda batirin, kada ka jefa shi a bolar da ake ƙonawa, domin yana iya kamawa da wuta. Kai ta wurin mai gyaran da ka amince da shi, ka ga batirin da zai sa maka da idonka. Sauya batir bai kai kuɗin sabuwar waya ba, ragowar kuɗin kuma cefanen gida na jiransa.