Firinta ta maƙale? Ba sai an kira mai gyara daga Ikeja ba



Matasanmu da yawa yanzu a shagunan kwamfuta suke neman na kansu: buga takardar JAMB, takardar NIN, da fom ɗin masu neman fasfo a ofishin shige da fice na Ikoyi. Sai dai akwai matsalar da ke cinye musu ciniki. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa, ko takarda ta cije, sai aikin ya maƙale a layi, duk abin da aka tura bayansa ya tsaya cak. Kwastoma ya gaji ya tsallaka shagon gaba, yaro kuma ya biya mai gyara daga Computer Village.

A ganina wannan asara ce da ba dole ba. Sau da yawa firintar lafiyarta lau. A Windows akwai wani shiri mai suna Print Spooler, shi ke ajiye takardu a layi kafin su fita. Idan takarda ɗaya ta lalace a hannunsa, sai an tsayar da shi an share layin.

Ga yadda ake yi. A nemo Command Prompt, a danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Run as administrator. Sai a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ana danna Enter:

net stop spooler
del /Q /F %systemroot%\System32\spool\PRINTERS\*.*
net start spooler

Na farko yana tsayar da shirin, na biyu yana share takardun da suka maƙale, na uku yana tayar da shi. A kula sosai da rubuta na biyun daidai, domin umarnin sharewa ba ya tambaya, kuma yana kwashe duk ayyukan da ke jira a kwamfutar. Wanda takardarsa take layi, sai a sake tura ta.

Maganar ta wuce kuɗi, ta taɓa amana. Takardar da aka bari a layi tana iya fitowa bayan mai ita ya tafi, ta faɗa hannun wani, da lambar NIN ɗinsa da hotonsa a jiki. Tun 2023 Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a, kuma mu kanmu mun san sirrin wani amana ne.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su ware rana guda, waɗanda suka iya su koya wa 'yan baya. Masu shago kuma ku rubuta layukan nan uku ku manna kusa da kwamfuta.

Allah Ya sa albarka a kasuwarmu, amin.