Rai Kafin Kuɗi, Rai Kafin Takardar 'Yan Sanda

Ya ku 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa masu cin Shuwarin da Gujungu da Maigatari, yau ina so mu yi magana a kan wani mutum wanda ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar tsautsayi. In mota ta kife da fasinja a hanyar Wudil zuwa Shuwarin, ko mace ta kwana biyu tana naƙuda a wani ƙauye na ƙasar Kiyawa, likita ba shi ne ke fara taɓa su ba. Wanda ke fara isa wurin shi ne ma'aikacin motar asibiti da direbansa, ko malamin asibitin ƙauye, ko jami'in kiyaye haɗurra. A hannun wannan mutum rai ke tsayawa ko ya fita kafin a kai ƙofar asibiti. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da doka ta ɗora masa, da abin da mutunci ya ɗora masa, da kuma abin da shi ma yake bin Gwamnati.

Kowa a Jigawa yana tune da daren 15 ga Oktoba, 2024, lokacin da tankar man fetur ta faɗi a garin Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, ta kama wuta a tsakiyar mutanen da suka taru kwasar mai. Fiye da mutum 150 suka rasu. Waɗanda suka ƙone aka kwashe su zuwa asibitocin Ringim da Haɗejiya, wasu har Kano. Allah Ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amma dare irin wannan yana barin tambaya ga masu rai. In mutum hamsin suna kwance a ƙasa, mota kuwa ɗaya ce, wa za a fara ɗauka? Wa zai biya? Wa ke da alhaki in an yi sakaci? Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gara mu san amsar tun yanzu.

Bari mu fara da doka, gama talaka da yawa bai san an yi ta dominsa ba. A shekarar 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa. Sashe na 20 na wannan doka ya hana kowane ma'aikacin lafiya da kowane asibiti, na Gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi yi wa mutum maganin gaggawa bisa kowane irin dalili. Rashin kuɗi ba dalili ba ne, rashin kati ba dalili ba ne. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Ku 'yan kasuwar shanu kun san wannan tara ba ta kai kuɗin sa guda a Maigatari ba, kuma abin kunya ne a ce ran mutum bai kai sa ba. Ya kamata 'yan majalisa su ƙara ta. Amma ko a yadda take, doka ce, kuma tana bayan talaka.

Sa'an nan a shekarar 2017 aka yi wata doka musamman domin wanda aka harba da bindiga. Da can in an kawo irin wannan mutum sai a ce a tafi a kawo takardar 'yan sanda, yana nan kwance jini yana zuba har ya cika. Dokar 2017 ta ce a karɓe shi a fara magani nan take, da takarda ko ba takarda, da kuɗin ajiya ko babu, asibiti kuma ya sanar da 'yan sanda cikin awa biyu da fara maganin. Ta kuma ce wanda ya taimaka ya kawo shi a mutunta shi, kada a tsare shi da tambayoyin wulaƙanci. Wannan magana ta ƙarshe ku riƙe ta da kyau, domin tsoron a ce kai ne mai laifi shi ya sa direbobi da yawa ke wuce mai rauni a bakin hanya suna kau da kai.

To, yanzu ga abin da ke wuyan shi ma'aikacin. Na farko, ya zo in an kira shi, ya yi aikin da aka ɗauke shi dominsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Albashin da yake karɓa daga harajin mai tumatir da mai goro ya fito. Ba shi da ikon tsayawa ciniki a kan mutumin da ke shure-shure, ko ya tambayi jam'iyyarsa, ko ƙabilarsa, ko addininsa. Wajen zaɓen wanda za a fara ɗauka kuwa, ƙa'idar aikin a duk duniya ɗaya ce: wanda numfashinsa ke sarƙewa da wanda jini ke tsiyaya daga jikinsa su ne gaba, mai targaɗe da mai ƙujewa su jira. In ɗan dako ne jininsa ke zuba, hakimi kuwa yatsa ya karye, ɗan dako za a fara ɗauka. Ma'aikacin da ya juya wannan don ganin ido ya ci amanar aikinsa.

Na biyu, kada ya wuce iyakar saninsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Direba ba malamin asibiti ba ne, malamin asibiti kuma ba likita ba ne. Kowane ɗayansu yana da abin da aka koya masa, da hukumar da ta yi masa rajista, wadda kuma ke iya ƙwace takardarsa. Ma'aikatan jinya da ungozomomi suna da tasu hukuma, ma'aikatan lafiya na karkara suna da tasu, likitoci ma haka. Wanda aka koya wa tsayar da jini da ɗaure karaya da buɗe hanyar numfashi, ya yi waɗannan da kyau ya hanzarta kai mutum inda aka fi shi sani. In ya zare allura ya soka maganin da bai san ƙarfinsa ba don a ce masa dakta, mutum ya mutu, kotu za ta tambaye shi, gama dokar laifuffuka ta Arewa tun 1960 ta tanadi hukunci ga wanda ya jawo mutuwa da ganganci ko sakaci. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun yi hukunci cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba shi ke ɗaukar nauyin ɓarnar, kuma wanzami da maɗori na gaskiya sun san ranar da za su ce wannan ya fi ƙarfina.

Na uku, ya nemi yardar majinyaci. Mutumin da ke cikin hankalinsa yana da ikon a gaya masa, cikin harshen da yake ji, abin da ke damunsa da abin da za a yi masa, yana kuma da ikon ya ƙi. Dokar 2014 ta faɗi haka. Aikin ma'aikaci ya bayyana masa haɗarin ƙin, da haƙuri, ba da tsawa ba. Amma wanda ya suma, ko yaron da iyayensa ba sa kusa, ba a jiran kowa, sai a ceci ransa tukuna. A nan ina da magana da magidanta. Sau da yawa mace na zubar da jini bayan haihuwa, mota ta zo, sai a ce maigida ya tafi kasuwa, ba mai ikon ba da izini. Jinin haihuwa yana kashe mace cikin 'yan awoyi kaɗan. Kowane magidanci ya bar izini a gidansa tun cikin yana ƙarami, ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da maƙwabta, cewa ko ba ya nan a tafi da ita.

Na huɗu, ya rufa wa mutum asiri. Sashe na 26 na dokar nan ya ce labarin ciwon mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta cuci jama'a. Yau ga waya a hannun kowa. Kafin a kai mai rauni asibiti hotonsa tsirara ya riga ya zaga WhatsApp da Facebook, uwarsa ta ga gawar ɗanta a wayar maƙwabciya kafin a zo mata da gaisuwa. In ɗan kallo ne ya yi haka, rashin tarbiyya ne. In ma'aikaci ne, ya karya doka. Haka kuma wanda ya ɗauko budurwa ko matar aure, ya koma majalisa da yamma yana ba da labarin abin da ya gani, bai cancanci rigar aikin ba.

Na biyar, amanar dukiya da amanar rubutu. Ɗan kasuwa yakan yi haɗari da kuɗin cinikinsa a lalita. Wajibi ne a ƙirga abin da aka samu a jikinsa a gaban shaida, a rubuta, a miƙa ga danginsa ko 'yan sanda. Wajibi ne kuma ma'aikaci ya rubuta lokacin da ya isa, da halin da ya sami mutum, da abin da ya yi masa, ya damƙa shi hannu da hannu ga ma'aikacin asibiti. Ba ya ajiye shi a baranda ya juya. Wannan takarda ita ce ke gaya wa likita inda zai ɗora, ita ce kuma ke wanke ma'aikaci mai gaskiya ranar da aka tuhume shi.

Amma fa, jama'a, kada mu ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ƙaramin ma'aikaci ɗan talaka ne kamar mu. In an ba shi mota ba mai, ba iskar numfashi, ba safar hannu, ba bandeji, sa'an nan aka ce in rai ya fita laifinsa ne, an zalunce shi. Ita dai dokar 2014, a sashe na 11, ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce Gwamnatin Tarayya ta zuba masa abin da bai gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigarta ba, kuma a cikin kowace naira ɗari ta asusun, naira biyar ta maganin gaggawa ce. A shekarar 2022 aka ƙaddamar da shirin motocin gaggawa na ƙasa, NEMSAS, da alkawarin ɗaukar nauyin maganin awa 48 na farko. A nan Jigawa kuma tun zamanin Gwamna Sule Lamido aka fito da shirin Haihuwa Lafiya, aka ba ƙauyuka motoci don kai masu naƙuda asibiti. Duk waɗannan alkawura ne da aka yi da sunanmu, da kuɗinmu, kuma mai bin bashi ba ya jin kunyar tambaya.

Ga abin da muke nema daga mahukunta a Dutse. A buga a fili, da Hausa da ajami, motar asibiti nawa kowace ƙaramar hukuma take da ita a cikin 27 ɗin nan, da nawa ke tafiya, da lambar da za a kira. A ajiye mota da ma'aikaci a kowace babbar kasuwa ranar cinta, gama ranar ce hanya ke cika da lodin mutane a kan kaya. A yi amfani da makarantar aikin jinya ta Birnin Kudu da makarantar kiwon lafiya ta Jahun a horar da samari da 'yan mata aikin gaggawa musamman, a koya wa direbobin tasha da 'yan acaɓa taimakon farko. A manna sashe na 20 da manyan baƙaƙe a ƙofar kowane asibiti, daga Rasheed Shekoni a Dutse har ɗan ƙaramin asibitin ƙauye. Motar asibiti kuma ta tsaya ga majinyata. Ranar da aka gan ta ɗauke da buhunan wani babba, ko tana rakiyar biki, a hukunta wanda ya ba da makulli, komai girmansa.

Mu ma akwai namu. In kun ji jiniya ku ba da hanya, masu kasa kaya a bakin titi su janye. In an yi haɗari a kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗurra, ko 112. Kafin su iso, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta, kada a saki. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya kada a naɗe shi a cusa a bayan mota kamar buhu, domin hakan na iya shanye masa ƙafafu har abada. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa, a kwantar da shi ta gefe in yana numfashi. Ƙuna kuwa a yi ta zuba mata ruwa mai tsabta kamar minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da baƙin mai. In tanka ta faɗi, a guje ta, a kori yara. Kuma kada a daki ma'aikaci don baƙin cikin rashi, gama wanda aka daka yau gobe zai ji tsoron fitowa, kuma ba a san wa zai kwanta a hanya goben ba.

Wanda aka ƙi karɓar majinyacinsa, ko aka ce sai ya ajiye kuɗi kafin a taɓa mai zubar da jini, kada ya ce haka Allah Ya so ya yi shiru. Ya riƙe rana da lokaci, ya nemi shaidu biyu, ya kai ƙara ga shugaban asibitin, in ba a saurare shi ba ya kai Ma'aikatar Lafiya a Dutse, ko ga hukumar da ta yi wa ma'aikacin rajista. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofishinmu a rubuta masa kyauta. Ma'aikacin da kuka ga ya yi aikinsa da tausayi kuwa, ku yaba masa a gaban manyansa, domin su ma su san ana gani.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi a rumfa da tasha. Allah Ya tsare mu da tsautsayin hanya, Ya ba marasa lafiya sauƙi. Haza wassalam.

Naku,
Akawun Jam'iyya, Dutse.