Allurar da ke cin gefe ɗaya

Makonni uku da suka wuce na buɗe akwatin fayafayen garmaho da marigayi mahaifina ya bari. Yawanci waƙoƙin Mamman Shata ne da Ɗan Maraya Jos, waɗanda ya tara kafin kaset ya kori faifai daga kasuwa. Niyyata in juye su cikin kwamfuta, domin wasunsu ban taɓa jin su a wani wuri ba. Na ɗora na farko, kalangu ya tashi lafiya, amma da waƙar ta doshi ƙarshe sai muryar Shata ta soma karcewa a lasifikar dama, ta hagu kuwa garau. Na zargi ƙurar hunturu, na goge faifan. Na zargi waya, na sauya. Ashe laifin yana ga wani ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 a gindin hannun na'urar, wanda na tarar a kan sifili.

Bari in yi wa mai karatu bayanin aikinsa. A kowace fuska ta babban faifai akwai tsagi guda ɗaya tak, siriri, wanda ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya, tsawonsa ya kusa rabin kilomita. Allura tana zaune a cikinsa tana gogar bangonsa biyu. A faifan sitiriyo, wanda ya shigo kasuwa a 1958, bangon da ke wajen tsakiyar faifai shi ke ɗauke da sautin hagu, na wajen baki kuma sautin dama. To, hannun da ke riƙe da allurar ba miƙaƙƙe yake zaune a kan tsagin ba. An karkatar da kansa da digiri ashirin da 'yan kai domin allura ta dace da lanƙwasar tsagin. Saboda wannan karkata, gogayyar da ke tsakanin allura da faifai mai juyawa tana jan hannun zuwa tsakiya. Sai allura ta danne bangon ciki, ta yi sako-sako da na waje. Idan kiɗa ya yi ƙarfi, ta riƙa ɗagowa daga bangon wajen tana faɗa masa. Karcewar da na ji a dama ke nan, kuma kowane faɗawa yana ɓantarar robar faifan, ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Maɓallin nan na hana zamiya yana tura hannun waje kaɗan ne don ya soke wancan jan. A Technics SL-1200, wadda aka fara fitarwa a 1972, sifirin ne ke yin aikin. A wasu hannuwan, irin SME 3009, ɗan ƙarfe ne rataye da zare. Wasu kuma maganaɗisu suke amfani da shi.

Ga yadda na bi. Na fara daidaita teburin da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, don in teburi ya karkata, duk lissafin da za a yi a kansa ya ɓaci. Na mai da maɓallin sifili, na murɗa ƙarfen da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, sannan na ba allura nauyin gram 2, kamar yadda masu ƙera ta suka ƙayyade. Daga nan na kai maɓallin kan lamba 2. Wannan ita ce ƙa'idar da littattafan na'urorin ke bayarwa, wato lambar ta yi daidai da nauyin allura, amma mafari ce kawai. Sauran aikin na kunne ne: karcewa a dama, a ƙara, a hagu, an wuce gona da iri, a rage. Faifan da ba na sitiriyo ba ya fi sauƙin gwaji, tunda sauti ɗaya ne a bangon biyu, ya kamata murya ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki.

Akwai masu cewa a ɗora allura a kan faifai mai santsi marar tsagi, a murɗa har ta daina gudu. Ban gamsu ba. A kan santsi, tsinin allura ne ke taɓa roba, a cikin tsagi kuwa gefunanta ne, gogayyar ba iri ɗaya ba ce. Kuma jan nan ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana canzawa da ƙarfin kiɗa da kuma inda allura take a kan faifan. Wanda ke neman lambar da ta dace da ko'ina zai daɗe yana murɗawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsohuwar dabararmu ta ɗora kwabo a kan allura idan tana tsalle. Na tuna mahaifina yana yi, har da ƙyallen ɗaurewa. Tsallen kan daina, gaskiya ne, amma kwabo ɗaya ya ninka nauyin da allurar ke buƙata. Fayafayen da ya fi so su ne yau suka fi shashshaka, waɗanda bai damu da su ba kuwa kamar jiya aka buga su.

Yanzu matasa da dama sun taso suna juye irin waɗannan fayafayen suna sakawa a YouTube, kuma ina yaba musu. Sai dai na saurari wasu da abin sawa a kunne, na ji wannan karcewar ta gefen dama da na riga na sani. Ina roƙon duk wanda aka ba aron faifan gado ya gwada na'urarsa a kan wani faifan da ba a jin asararsa tukuna. Ni na tsaya a kan 1.8, kuma saura fayafaye goma sha ɗaya ban juye ba.