Yawon Buɗe Ido da Kunne a Toshe

Bahaushe ya raɗa wa mai zuwa kallon ƙasashe suna ɗan yawon buɗe ido. Sunan ya dace da abin da matafiyin ke zaton yana yi, amma ya bar rabin labarin a baya. A ganina, hukuncin farko da baƙo kan yanke wa babban birni kunne ne ke yanke shi, ido kuwa shaida kawai yake bayarwa. Kunnen da bai san harshen gari ba kuwa alƙali ne mai saurin kuskure. Na gane haka a babban hutun bara, lokacin da na yi kwana goma a Alƙahira wajen wani ɗan uwana da ke karatu a can.

Washegarin saukata ya kai ni dandalin Ramsis, gaban babbar tashar jirgin ƙasa. Ƙananan motocin haya masu kama da faba-faban Yamai sun cika hanya, direbobi na kiran fasinja, oda na tashi ta ko'ina, mutane na kutsawa tsakanin motoci kamar ba su san mutuwa ba. Da azahar ta yi, kiran salla ya taso daga masallatai barkatai, wani na hawa kan wani. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum fiye da miliyan 20, ni kuwa na ji kamar dukkansu sun buɗe baki a lokaci guda. Da dare na rubuta hukunci uku a ɗan littafina: garin hayaniya ce tsagwaronta, mutanensa masu faɗa ne, kuma sun lalata Larabci.

Hukunci na uku ya fi yi mini zafi, domin na je da taƙama. Na yi allo, na yi nahawu, na ɗauka harshen garin yana aljihuna. Da na tambayi wani mai sayar da ruwan rake hanyar Azhar da Larabcin littafi, sai ya yi murmushi irin wanda za a yi wa mutumin da ya shiga kasuwa yana ciniki da salon huɗuba, ya ba ni amsa mai tsawo wadda ban tsinci kalma uku a cikinta ba.

Kwana huɗu suka wuce kafin kunnena ya fara rarrabe zaren. Harafin jim a bakin mutanen Alƙahira yakan fito da sautin g, don haka raƙumi gamal ne, alhaji kuma hagg. Harafin ƙaf yakan koma hamza, shi ya sa gahawa ta zama ahwa, zuciya ta zama alb. Amma a kalmomi irin su Alƙur'ani da sunan birnin kansa, ƙaf na nan daram, abin da ke nuna cewa masu harshen sun san sautin sarai, sun dai ware masa wurin zama. Korewa kuwa da ɗafi biyu suke yin ta, ma a goshi da sh a ƙeya: mafish na nufin babu, ma'rafsh na nufin ban sani ba. Da na lura da wannan sai kunya ta kama ni, domin tsarin ya yi kama da namu na ba da ba da ke kewaye jimla. Abin da na kira lalata harshe ashe ƙa'ida ce mai daidaito, wadda yaro ɗan shekara biyar ke bi ba tare da tuntuɓe ba.

Babban abin kunyar shi ne, na karanta wannan duka a aji. Tun 1959 Charles Ferguson ya yi bayanin al'ummun da ke riƙe da harshe guda mai hawa biyu, ɗaya na huɗuba da rubutu, ɗaya na gida da kasuwa, kuma Larabci na cikin misalai huɗun da ya kawo. A 1973 masanin Misira Sa'id Badawi ya nuna cewa a ƙasarsa matakan sun kai biyar, tun daga Larabcin magabata har zuwa maganar wanda bai yi karatu ba, kuma mutum guda kan yi hawa da sauka a tsakaninsu. Na ci jarrabawa a kan wannan darasi, amma da na tsaya gaban mai ruwan rake, sai ilimin ya koma littafi ya bar ni da kunnen baƙauye.

Sauran hukuncin biyu ma haka suka rushe. Abin da na ɗauka faɗa ne, sau da yawa ciniki ne ko raha, kuma cike yake da kalmomin girmamawa: ya ustaz, ya rayyis, ya basha. Basha saraute ce ta zamanin Usmaniyya wadda aka soke bayan juyin mulkin 1952, amma ta ci gaba da rayuwa a bakin direba da mai shago. Odar motoci kanta tana da ma'anoni: ƴar gajeruwa na cewa ga ni nan gefenka, doguwa na nuna ɓacin rai. Masu jiran mota kuma kan nuna wa direba unguwar da za su je da alamar hannu. Hayaniya dai suna ne da muke ba maganar da ba mu koyi warwarewa ba.

Wani zai ce wannan ai kuskuren matafiyi ne kawai, ba ya cutar da kowa. Ban yarda ba. Matafiyi kan dawo gida a zagaye shi a majalisa, a ɗauki maganarsa da nauyi domin an ce gani ya kori ji. Da na dawo bayan kwana biyu kacal, da na shaida wa abokaina cewa Misirawa ba su iya Larabci ba, su kuma su shaida wa wasu. Mu juya madubin ta wajenmu. Baƙon da ya shiga kasuwar Dole ta Damagaram aka ce masa kaya dala ashirin ne, sannan aka karɓi tamma ɗari a hannunsa, zai rubuta cewa an cuce shi, alhali bai san cewa da dala muke lissafi ba, kowace dala tamma biyar. Mafi muni, irin wannan hukunci muke yanke wa junanmu. Sau nawa aka yi wa ɗalibin Tawa dariya don ya ce biyat ko shina zuwa, aka ce Hausarsa ta karkace? Mai dariyar bai bambanta da ni a dandalin Ramsis ba: ya ji abin da bai saba da shi ba, ya auna shi da ma'aunin littafi, ya kira shi kuskure. Daidaitacciyar Hausa tana da aikinta a rubutu da koyarwa, amma ba ta mayar da karin harshen Adar ko na Gobir ɓataccen zance ba.

Duk da haka ba na goyon bayan a zubar da abin da baƙo ya ji a ranar farko. Akwai abin da sabon kunne ke kamawa wanda ɗan gari ya daina ji. Ɗan uwana, bayan shekara uku a birnin, bai ma tuna cewa akwai abin mamaki a kiran burodi da sunan esh ba, kalmar da asalinta ke nufin rayuwa, ko a yadda mutanen ƙasar kan kira babban birninsu Masr, sunan ƙasar baki ɗaya. Ni ma a rana ta takwas na daina lura da sautin g. Sabo ya fara rufe ƙofar da baƙunta ta buɗe.

Shawarata ga ƴan uwana ɗalibai, ko Alƙahira za ku, ko Legas, ko Abijan, ko ƙauyen da za ku tattara bayanan kundinku, ita ce ku raba shafin littafinku gida biyu tun daren farko. A ɗaya ku rubuta abin da kuka ji daidai yadda ya fito, da wurin, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa. A ɗayan ku rubuta abin da kuke zato, da fensiri. Gida na farko zai yi muku amfani har bayan shekara goma. Nawa gida na biyun, kwana huɗu ya yi kafin na nemi abin gogewa.