An sace maka wayar da makaranta ta hana: sata ce ko ba sata ba?



Hutun da ya wuce mun je gida Kurya Madaro, sai muka tarar gardama ta kaure a ƙofar gida tsakanin ƙanenmu da abokansa, dukkansu 'yan makarantar kwana. An ɗauke wa ɗaya daga cikinsu waya a hostal, 'yar ƙaramar Itel mai tocila da ya ɓoye cikin ledar garin kwaki. Ya san wanda ya ɗauka, kowa a ɗakin ma ya sani. Da ya tunkare shi, sai wancan ya yi dariya ya ce, "Je ka kai ƙara mana. Ka gaya wa malam wayarka ce aka ɗauka." Yaron ya ja bakinsa ya yi shiru, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Rabin yaran suka ce wannan ba sata ba ce, tunda doka ta hana shigowa da waya, duk wanda ya shigo da ita ya sallama ta ke nan. Sauran suka ce sata ce tsagwaronta. Daga ƙarshe suka ce mu raba musu gardama, tunda mu ne 'yan jami'a.

Ba mu yi saurin amsawa ba, domin shekara uku da suka wuce mu ma irin wannan maganar muke yi. A makarantarmu akwai jerin kayan da ake karantawa duk ranar komawa: waya, caja, hita, rediyo, wuƙa, kayan gida. Muna kiransu kwantiraban. Akwai kuma wata doka da ba a rubuta ba amma kowa ya haddace ta, wato kwantiraban ba shi da mai shi. Mu kanmu mun taɓa dafa taliya da hitar da muka san an zare ta ne daga akwatin wani ɗan aji ɗaya, muka ci muka lashe hannu, ko a jikinmu. Sai da muka fito muka ɗan yi karatu muka gane sunan abin da muka ci.

Mu fara da dokar ƙasa. Kundin Final Kod da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya bayyana sata a sashe na 286. Abin da sashen ya duba shi ne mutum ya ɗauke kaya daga hannun wanda ke riƙe da shi, ba da yardarsa ba, kuma da niyyar rashin gaskiya. Ku lura, bai tambayi ko mai kayan yana da izinin shigowa da shi wurin ba. Hasali ma bai ce dole sai mai riƙe da kayan ne ainihin mai shi ba. Idan ka ari littafi a laburare wani ya zare shi daga jakarka, ya yi maka sata duk da cewa littafin ba naka ba ne. To ina ga wayar da mahaifin yaro ya saya masa da kuɗinsa a kasuwar Kaura Namoda? Dokar makaranta tana iya hana ta tsallaka ƙofa, tana iya ba malami ikon karɓe ta. Amma ba ta da ikon mayar da ita ta duk wanda hannunsa ya fara kaiwa.

Mu dawo ga addini, tunda jiharmu ta Zamfara ce ta fara shelar aiki da Shari'a a Gusau cikin Oktoban 1999, aka fara aiwatarwa a Janairun 2000. Wani daga cikin yaran ya kawo hujja mai ƙarfi, ya ce ya ji a Islamiyya cewa ba a yanke hannun wanda ya saci giya. Gaskiya ne. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa cikin littattafai irin su Risala da Muhtasar, ba a haddi a kan satar giya ko alade, saboda Shari'a ba ta ɗauke su dukiya mai daraja a hannun Musulmi ba. Sai dai giya haram ce a karan kanta, a gida da kasuwa da makaranta. Waya kuwa halal ce, ana sayar da ita, ana gadonta, ana ba da ita kyauta. Makaranta ce ta hana ta a cikin harabarta don wata maslaha, kamar yadda ake hana shiga masallaci da takalmi. Wa ya taɓa cewa wanda ya kwashe takalman masallata ba ɓarawo ba ne?

Haddin sata da ya zo a aya ta 38 cikin Suratul Ma'ida yana da sharuɗɗa: kayan su kai nisabi, wato rubu'in dinari na zinariya ko dirhami uku na azurfa, a ɗauke su daga ma'ajinsu, mai ɗaukar ya zama baligi mai hankali. Wannan aikin alƙali ne, ba namu ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ko da haddi ya faɗi saboda rashin wani sharaɗi, zunubin bai faɗi ba, kuma mayar da kayan ga mai shi yana nan a wuyan wanda ya ɗauka.

Saboda haka laifi biyu ne a nan, kowanne da mai shi. Wanda ya shigo da waya ya karya dokar makaranta, tsakaninsa da makaranta ke nan. Wanda ya ɗauke ta ya yi sata, tsakaninsa da mai kaya, da hukuma, da Allah. Laifin na farko ba ya wanke na biyu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma abin da ɓarawon hostal ke yi ke nan in ya ce "ai kwantiraban ce."

Ba muna cewa dokar hana waya ba ta da dalili ba ne. Mun ga waɗanda hira da kallo suka cinye musu lokacin firef. Mun san WAEC da NECO suna iya soke sakamakon wanda aka kama da waya a ɗakin jarrabawa. Hita kuma, in ta haɗu da tsohuwar wayar lantarki da katifun soso, gobara ce ke jiran ranarta. Amma a yankinmu akwai abin da ya kamata a faɗa. Tun ranar 26 ga Fabrairu 2021 da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, ba uwar da ɗanta ke makarantar kwana da ke barci cikakke. Duk wanda ya ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar nan, ya san nauyin kwana ba ka ji muryar naka ba. Da yawa cikin wayoyin da ke ɓoye a katifa uwa ce ta cusa su a jaka da hannunta, ta ce, "Ka riƙa kira in ji lafiyarka." Wanda ya sace irin wannan waya, uwar ce zai bari tana kira dare da rana ana ce mata a kashe take, ita kuma tana tunanin abin da ya fi satar waya muni.

Akwai kuma ɓarnar da wannan al'ada ke yi wa ɗaki gaba ɗaya. Ɓarawon kwantiraban ya zaɓi wanda ba zai iya kuka ba ne. Yau waya ce, gobe kuɗin da ke cikin akwati, jibi takalmi da madara da sukari, domin hannu in ya saba ba ya tambayar abin da ke cikin jerin makaranta. Ƙananan yara 'yan aji ɗaya kuma suna kallo, suna koyon cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya. In sun zama siniyoyi su ma haka za su yi.

Sai maganar firifet. Idan makaranta ta ba ka ikon karɓar haramtaccen kaya, aikinka ka miƙa shi ga malamin da ke kula da hostal, a rubuta sunan mai shi, a ajiye har iyayensa su zo. Ranar da ka sa wayar a aljihunka kana kira da ita, ko ka ce sai an ba ka ɗari biyar za ka mayar, ka bar aikin firifet ka shiga cin amana. Final Kod ya ware wa cin amana sashensa, na 311. Wanda kuma ya sayi wayar da araha alhali ya san daga ina ta fito, shi ma ya shiga ciki, abokin ɓarawo ɓarawo ne.

To me za ka yi in kai aka yi wa? Kada ka rama da satar nasa, kada ka tara abokai a yi masa duka, don duka biyun za su mayar da kai mai laifin da ya fi. Ka nemi malamin da ka yarda da shi ka faɗa masa gaskiya duka: ka shigo da waya, ka san ka yi laifi, kuma an sace ta. Mai yiwuwa a ba ka horo, mai yiwuwa a riƙe wayar har ƙarshen zango. Yankan ciyawa na kwana biyu ya fi ka zauna shekara uku a hannun wanda ya san ba za ka iya magana ba. In kuma ba za ka iya kai kanka ba, ka gaya wa mahaifinka ranar ziyara ya shiga maganar.

Muna kuma roƙon malamanmu abu biyu. A ajiye waya ɗaya a hannun malamin hostal, a sa rana da lokacin da kowane ɗalibi zai kira gida, don a rage dalilin ɓoyewa. Sannan wanda ya kawo ƙarar sata a saurare shi tukuna, a bi sawun kayansa, kafin a zo kan nasa laifin.

Abin da muka faɗa wa yaran ke nan a ƙofar gida. Mun kuma gaya musu labarin hitar nan, muka ce har yau muna neman lambar yaron da aka zare wa ita don mu roƙi yafiya, mu biya shi. In a cikinku akwai mai irin wannan kaya a ƙasan akwati, ya mayar da shi kafin zangon nan ya ƙare, ko da a ɓoye ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.