Ciwon Maƙogwaron Yara Da Ke Sauka A Zuciya

Bayan haka, akwai wata magana wadda ta wajaba malaman allo da 'yan kasuwar Gwandu da Kalgo su saurara.

Yaro yakan kwana da zazzaɓi, maƙogwaro ya yi zafi har haɗiyar fura ta gagare shi. Sai a ce hakin wuya ne, a kira wanzami ya cire belu, alhali askar wanzami ba ta kashe ƙwayar cuta. Zafin kuwa yakan lafa don kansa. Amma in wata irin ƙwaya ce wadda likitoci suka sani, bayan mako 2 ko 3 sai gwiwa da idon sawu su kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan, mutane su ce sanyi ne. Haƙiƙanin al'amari shi ne jiki ya ɗaura yaƙi da ƙwayar, ya kasa bambanta ta da naman zuciya, ya afka wa ƙyamaren da ke hana jini komawa baya. Kowace dawowar zazzaɓin tana ƙara musu tabo. Bayan shekara goma ko ashirin sai a ga saurayi ya kasa ɗaukar buhun gero, yana haki, ƙafafu sun kumbura, ko mace ta galabaita da cikin fari.

Cutar ta fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, watau shekarun allo, tana yaɗuwa ta tari da atishawa inda yara suka cunkushe a zaure ɗaya. Tana kashe fiye da mutum 300,000 kowace shekara a duniya, har taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kanta a 2018.

Abin takaici, maganinta ba tsada gare shi ba: allurar fanisilin guda, ko ƙwaya ta kwana 10, tun ciwon yana wuya. In ya taɓa zuciya, sai allura kowane mako 3 ko 4, shekara da shekaru, ƙarshenta aikin tiyata wanda ke cinye jarin attajiri.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan. Almajiri amana ne a hannun malaminsa, iyayensa suna nesa. In ya yi kukan maƙogwaro da zazzaɓi, a ware masa shimfiɗa, a kai shi asibitin Gwandu, ko na Kalgo, ko Birnin Kebbi, a ranar nan.