Baligi Da Fitsarin Kwance

Wani magidanci ya yi tambaya game da ɗansa mai shekara 16 wanda har yanzu yake fitsarin kwance. To, a sani mai barci ba a rubuta masa zunubi. Wankan janaba bai hau kansa ba. Ya wanke inda najasar ta taɓa, ya sake tufafi, ya yi alwala, ya tafi Asuba.

Duka da gori kuwa zalunci ne, balle tona asirinsa gaban ƙannensa. Sau da yawa gado ne ko nauyin barci, amma ciwon sukari da sikila ma sukan jawo shi. A kai shi asibiti a auna fitsarinsa, gama akwai magani. Ya rage shan shayi bayan Magariba, ya kewaya kafin ya kwanta.